Maganin Hana Kamawa a Aikin Faiba na Ƙaramin Jirgin Sama: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu sha'awar haɗa ƙaramin jirgi da hannunsu suke yawan yi a nan Jos, tun daga ɗalibai masu ƙera jirgi marar matuƙi har zuwa masu gyaran bamba da faiba waɗanda suka fara hango aikin da ya wuce mota. Duk a kan abu ɗaya suke: abin da ake shafa wa mol, wato mazubin da ke ba kaya siffarsa, kafin a shimfiɗa faiba da rezin.

Malam, mene ne amfanin wannan magani? Ba za a iya aiki ba tare da shi ba?

Rezin gam ne, kuma gam mai ƙarfin gaske, musamman efoksi. Babu ruwansa da cewa wannan ƙyallen faiba ne, wancan kuma mol ɗin da ka yi wata guda kana gogewa. Duk abin da ya taɓa yana jiƙe, da shi zai daskare. Maganin hana kamawa shi ne siririn shingen da ake sa wa tsakanin fuskar mol da rezin, domin idan kayan ya bushe ya saki. In babu shi, murfin injin da ka zuba da mol ɗin za su zama abu guda, sai dai a sa zarto.

Iri nawa ne?

Waɗanda mai aiki a gida zai gamu da su uku ne. Akwai kakin mol, mai zuwa a gwangwani kamar man goge takalmi, wanda galibi tushensa kakin karnuba ne da ake samu daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya a Barazil. Sunayen da aka fi sani su ne Meguiar's Mirror Glaze mai lamba 8, da Partall Paste mai lamba 2, da TR-104 wanda aka yi domin aikin da zafi zai shiga. Sai PVA, wani ruwa ne yawanci kore, ana fesa shi ya bushe ya zama fata siririya kamar leda, ruwa kuma yana narkar da shi. Partall Film mai lamba 10 shi ne sananne. Na uku su ne masu daɗewa, irin su Frekote da Chemlease, waɗanda ke kama fuskar mol su zauna, a yi ta fitar da kaya sau da dama kafin a sake shafawa.

To wanne zan zaɓa?

Idan kaya ɗaya ko biyu ko biyar za ka fitar daga mol ɗin da kai ka yi, ka haɗa kaki da PVA: kaki a ƙasa, PVA a sama. Wannan shi ne ra'ayina, kuma shi ne abin da yawancin masu haɗa jirgi a gida suka zauna a kai tun da daɗewa. Kaki yana toshe ƙananan ramukan da ido ba ya gani a fuskar mol, PVA kuma yana zama katanga ta zahiri wadda rezin ba ya ratsawa. In ɗaya ya gaza a wani lungu, ɗayan ya tare.

Akwai dalili na biyu da ya fi wannan nauyi. Idan kayan ya fito, fatar PVA ce take biyo shi, kakin ya zauna a jikin mol. Ka wanke kayan da ruwan ɗumi, fuskarsa ta fito kusan babu abin da ya rage a kanta. Abin da za ka rasa shi ne sheƙi, domin PVA kan bar 'yar alama a fuska. Amma murfin inji da rigar taya da bakin fiffike duk gogewa za a yi a fente su, sheƙin da suka fito da shi daga mol ba ya ƙara musu komai.

Ni na saba aikin bamba da tankin ruwa. Me ya bambanta kayan jirgi?

A aikin bamba, da zarar kaya ya fito lafiya an gama magana. A jirgi kuwa fitowar ita ce farkon aiki. Kusan duk wani kayan faiba da ke jikin ƙaramin jirgi sai an sake manna masa wani abu bayan ya bushe: a haɗa ɓari biyu na rigar taya, a ƙara leɓe inda sukurori za su shiga, a manna haƙarƙari a ciki don ƙarfi, a toshe rami, daga ƙarshe a yi fenti. Duk wannan mannawa a kan fuskar da maganin ya taɓa za a yi ta, ko a kusa da ita. Maganin da aikinsa shi ne hana rezin kamawa ba ya daina aikin don kawai ya bar mol ya koma jikin kaya.

Haɗin da aka yi a kan gurɓatacciyar fuska ba ya nuna kansa. Ido zai gan shi lafiya, ka ƙwanƙwasa ka ji shi daram, ka ja da hannu bai motsa ba. Sai inji ya yi ta girgiza shi, rana ta gasa shi, sanyin sama ya taƙura shi, sannan wata rana ya ɓare tas, fuskokin biyu sumul kamar ba a taɓa haɗa su ba. Bamba in ta saki a hanyar Bukuru sai ka tsaya a gefe ka ɗaure ta da waya. Murfin inji in ya saki a sama, gilashin da ke gaban matuƙi zai nufa. Shi ya sa nake auna kowane magani da tambaya biyu: yana saki? Me kuma yake bari a jikin kaya? Ta biyun ce mutane suke mantawa.

Kayan faiba a jikin ƙaramin jirgi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Jirgin Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna domin horar da matuƙan Sojojin Sama, tushensa RV-6A ne na kamfanin Van's, jirgin da aka tsara don mutum ya haɗa a garejinsa. Gangar jikinsa alminiyon ce, amma murfin inji da bakin fukafukai da rigunan taya faiba ne.

Na ji ana cewa kada silikon ya shigo shago. Ba a cika zuzutawa ba?

Ba a zuzuta ba. Silikon, sinadarin santsi da ake sa wa kayan sheƙi, yana saki sosai, shi ya sa yake da daɗin sha'ani a ranar farko. Matsalarsa ba ya zama inda aka ajiye shi. Yana bin hannu, yana bin tsumma, in na feshi ne yana bin iska ya sauka a kan ƙyallen faiban da ke rataye a ɗaya kusurwar. Ruwa ba ya wanke shi, asiton ma, ruwan nan mai narkar da maiƙo, yawanci baza shi yake yi. Masu fentin mota sun san alamarsa: fenti ya riƙa tsagewa yana barin 'yan ramuka zagayayyu da suke kira idon kifi. Abin da yake yi wa fenti a fili, shi yake yi wa gam a ɓoye. Feshin sheƙin dashbod da na taya da yawancin na goge kujeru duk suna ɗauke da shi. Kada su kwana ɗaki ɗaya da aikinka.

Kakin mol yana da tsada kuma ba ya samuwa nan kusa. Man goge mota fa? Ko basilin, ko man kaɗanya?

Man goge mota shi ne ya fi yaudarar mutane, domin gwangwaninsa ma kan ce akwai karnuba a ciki. Amma da yawansu an haɗa su da silikon don sheƙi, wasu kuma da garin gogewa wanda ke cire shafin farko yayin da kake sa na biyu, sai ka yi shafi biyar alhali ɗaya ke nan. In ba a rubuta ƙarara cewa na mol ne ba, ka bar wa mota abinta.

Basilin yana saki, ba musu. Sai dai ba ya bushewa, buroshi yana tura shi gefe lokacin da kake danna rezin, yana kuma shiga cikin kayan. Haka man kaɗanya da man gyaɗa. Baƙin mai da masu bulo da masu kankare ke shafa wa katako kada ma a kawo zancensa. Kakin zuma tsantsa ya fi su mutunci, amma yana da taushi kuma yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64 a ma'aunin Salsiyos, alhali karnuba sai ya haura 80. Rezin kuwa yana ɗaukar zafi da kansa lokacin da yake daskarewa, musamman inda ya yi kauri. Don zuba kwandon shara ko gwada siffa, yi da abin da ka samu. Don abin da zai tashi sama da mutum, a'a.

PVA ɗin nan shi ne farin gam ɗin kafintoci? Na ga an rubuta haka a jikin robar.

A'a, kuma wannan kuskure yana cin mol. Haruffan ɗaya ne, sinadaran daban. Farin gam na kafinta an yi shi ne don ya manne. Wanda muke nufi ruwa ne tsararo mai warin sifirit, a kan rina shi kore ko shuɗi don ka ga inda ka fesa, kuma in ya bushe a kan gilashi za ka iya ɗaga bakinsa da farce ya taso kamar leda.

Sau nawa ake shafa kaki a sabon mol?

Sau biyar ko shida, in kamfanin bai faɗi wani abu daban a gwangwani ba. Duk mai tuyar masa ta san sabuwar tanda sai ta sha mai kafin ta daina riƙe ƙullu. Sabon mol ma haka yake, kuma kaya na farko shi ne ya fi hatsarin maƙalewa. Ka shafa kaɗan da soso ko tsumman auduga mai tsabta, kana zagayawa, ƙaramin wuri bayan ƙaramin wuri. Da ya fara dusashewa ka goge da wani tsumman daban har ya yi ƙyalli, da hannu, ba da inji ba, domin zafin inji yana kwashe abin da ka shafa. Ka ba shi kamar awa guda ya yi tauri kafin shafi na gaba. Shafi mai kauri ba ya ƙara kariya, taruwa kawai yake yi a lunguna. Ka kula da leɓen mol da kusurwoyi, nan ne hannu ke gajiya kuma nan ne kaya ke kamawa.

In ka gama, manna ɗan salatif na takarda a wurare daban-daban ka ɗaga. Inda ya taso ba gardama, kaki ya zauna. Inda ya riƙe, koma.

Mol ɗin da aka yi da foliyesta, wato wani nau'in rezin daban da efoksi, kuma kada a yi masa gaggawa. Kwanaki bayan ya yi tauri yana nan yana fitar da sinadarin sitirin, wanda ke iya ratsa kaki ya haɗe da sabon rezin. A bar shi ya nuna, kuma a fitowar farko kada a tsallake PVA ko da wasa.

Feshin PVA yana ba ni wahala. Wani lokaci ya taru ɗigo-ɗigo, wani lokaci ya bushe kamar yashi.

Taruwa ɗigo-ɗigo ta zo ne daga zuba shi da yawa a karon farko. Ruwa ne ake ɗorawa a kan kaki, dole ya nemi dunƙulewa. Ka ƙara iska a gon ɗin fenti, ka rage ruwa, ka tsaya ɗan nesa ka yi feshi kamar hazo wanda da ƙyar za ka gan shi. Bar shi minti goma ko sha biyar, ka maimaita. Wannan hazon shi ne zai riƙe feshi na uku mai ɗan nauyi ya kwanta sumul. In ya zubo ko ƙura ta faɗa, kada ka yi faci. Wanke da ruwa, busar, sake daga farko, kakin da ke ƙasa yana nan.

Sauran kuma yanayin garin nan ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ta bushe ƙarau, har feshin kan bushe tun bai isa jikin mol ba, shi ne yashin da kake gani. Matso kusa kaɗan, ka rufe ƙofa da taga, ka yayyafa ruwa a daɓe tun kafin ka fara don ƙura ta kwanta. Goge kaki a busasshiyar iska yana sa mol ya riƙa jan ƙura kamar maganaɗisu, saboda haka kada ka goge yau ka bar shi a buɗe sai gobe. Sanyin safiyar Jos a wannan lokaci kuma yana sa efoksi ya yi kauri ya ƙi bushewa da wuri. Yawancinsu sun fi son digiri 20 zuwa 25, gara ka jira hantsi ya ɗaga.

A Yuli da Agusta labarin ya juya. PVA yana jinkirin bushewa, kuma wanda ya bushe ma yana iya shan laima ya yi danƙo. Taɓa shi a leɓen mol. In yatsa ya ji ɗan riƙo, bai yi ba. Ka zubar da ruwan da ke taruwa a tankin kwamfiresa kullum, domin ɗigo ɗaya da ya biyo iska zai huda fatar, nan kuma rezin zai samu ƙofa. Wanda ke aiki a Abuja shi zafin Maris da Afrilu ne damuwarsa: kada ya bar mol ɗin da ya sha kaki a rana, kuma kada gumi ya ɗiga a kan PVA.

Wanda ba shi da kwamfiresa zai iya shafawa da soso mai laushi, ja ɗaya ba komawa. Fuskar ba za ta yi kyan ta feshi ba, amma za ta saki.

Akwai bambanci tsakanin efoksi da foliyesta a nan?

Efoksi ya fi kamawa kuma ba ya taƙurewa sosai in ya bushe, don haka ya fi wuyar fita. Foliyesta yana ɗan tsukewa, wannan kan taimaka masa ya saki mol na rami. Kaki da PVA suna aiki da dukansu. Abin lura shi ne in siffarka ta farin soso ce irin wanda ake tallafe talabijin da shi a kwali, ko shuɗin nan na rufi, foliyesta zai narkar da shi nan take, kuma kada ka dogara ga PVA ya cece shi. Efoksi ba ya cin sa.

Mol ɗina na POP ne, wani kuma na katako.

Duka biyun suna shan ruwa, kaki nutsewa zai yi a ciki. Sai an toshe fuskar tukuna: a bar POP ya bushe har ciki, a shafe shi da shalak (wani irin fanish na kafintoci) ko efoksi siriri, katako ko MDF a bi shi da foti irin na fanal-bita, a fesa firaima mai haɗi biyu, a goge da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi. Bayan nan kaki, sannan PVA. Danshin da ya rage cikin POP yana narkar da PVA ta ƙasa ba ka sani ba.

In ina so in zuba faiba kai tsaye a jikin jirgin, misali inda fiffike ya haɗu da gangar jiki?

Nan salatif ruwan ƙasa na ɗaure kwali shi ne abokin aiki. Efoksi ba ya kama bayansa mai santsi. Rufe wurin da shi, kowane layi ya hau kan na kusa da shi, ka gyara siffar da yumɓun roba, ka shafa kaki sau ɗaya ko biyu, ka shimfiɗa. Salatif na takarda ba ya wannan aiki, rezin yana jiƙa shi. In kusa da gilashin roba na matuƙi ne, ka nisanta asiton da foliyesta daga gare shi, suna lalata shi.

Akwai ma hanyar da ba ta bukatar mol gaba ɗaya, wadda mai tsara jirage Burt Rutan ya yaɗa a Amurka da jirginsa VariEze a 1975: a sassaƙa soso, a lulluɓe shi da faiba da efoksi, soson ya zauna a ciki har abada. A can abin da ake amfani da shi shi ne ƙyallen ɓarewa na nailan ko Dacron, a ɗora a kan jiƙaƙƙen rezin, a ɓare bayan ya bushe, ya bar fuska mai kaushi da ke karɓar gam. Sai dai wasu irinsa an shafa musu maganin saki tun daga masana'anta; nemi wanda ba a shafa wa komai ba.

Yaushe masu daɗewa irin su Frekote suka dace?

In za ka fitar da kaya da yawa daga mol guda, ko za ka gasa kayan a cikin mol da zafin da kaki ba zai jure ba. Suna barin abu kaɗan ƙwarai a jikin kaya, shi ya sa manyan masana'antu suke son su. Amma ba sa yafiya. Ba sa zama a kan kaki, sai an kankare shi tas; mol ɗin yana bukatar nasa ruwan toshe fuska tukuna; kwalbar in aka bar ta a buɗe laimar iska tana kashe ta. Wasunsu santsinsu ya yi yawa har rezin na farko ya riƙa guduwa yana barin filaye. Mai rigar taya biyu ba shi da bukatar wannan ɗawainiya.

Na yi duk abin da aka ce, kaya ya ƙi fita.

Ajiye sukundireba. Sassaƙa 'yan tsinke masu faɗi na katako ko roba, ka soka a leɓe kana zagayawa a hankali. Da ƙofa ta samu, hura iskar kwamfiresa, ko ka zuba ruwan ɗumi ka jira ya bi ya narkar da PVA. Ɗan bugu da gudumar roba a bayan mol yana taimakawa. In duk ya ƙi, duba siffar: wataƙila ciki ya fi baki faɗi, ko bangon ya miƙe sak ba karkata. Ana son karkatar digiri biyu ko uku zuwa baki, in kuwa siffar ba ta yarda ba a raba mol ɗin gida biyu. Babu maganin da ke fitar da kayan da siffa ta kulle.

Bayan ya fito, yaya zan shirya shi don gam ko fenti?

Tsarin yana da muhimmanci: wanki kafin guga. Fara da ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke kwanuka, wannan zai tafi da PVA da kuma wani maiƙo da efoksi kan fitar a fuska in ya bushe cikin sanyi da laima. Sannan asiton ko ruwan cire maiƙo na masu fenti, da tsumma biyu, ɗaya na jiƙawa ɗaya na kwashewa tun bai bushe ba. Sai a ƙarshe samfefa, mai lamba 80 inda za a manna, har sheƙi ya ɓace gaba ɗaya. Wanda ya fara da samfefa ya cusa kakin cikin zanen da ya yi.

Gwajin mai sauƙi ne: zuba ruwa mai tsabta a wurin. In ya shimfiɗu ya kwanta, fuska ta tsarkaka. In ya tsage ya dunƙule, da saura. Bar shi ya bushe sarai kafin gam. Asiton yana kama wuta da sauri, efoksi kuma yana jawo ƙaiƙayin fata wanda in ya kama mutum ba ya rabuwa da shi, don haka safar hannu da iska mai ratsawa dole ne.

A ina ake samun su?

Asiton, samfefa, foti, salatif da firaima duk za ka samu wajen masu kayan fenti a cikin gari ko kasuwar Building Materials, a Abuja kuma Dei-Dei ko Apo. Kakin mol da PVA sun fi samuwa wajen masu sayar wa maƙeran kwale-kwale da tankuna rezin a Legas da Fatakwal. Daga waje, Aircraft Spruce na Amurka yana sayar da su, amma PVA da masu daɗewa suna cikin kayan da ke kama wuta, turo su ta jirgin sama yana da ƙa'idoji da ƙarin kuɗi. Duk abin da aka ɗura maka a gorar ruwa ba tambari, gwada shi a kan fasasshen tayil ko gilashi da irin rezin ɗin da za ka yi aiki da shi, ka bar shi ya kwana, ka ɓare, sannan ka manna wani ƙyallen a kan fuskar da ta fito ka ga ko zai riƙe.